Kukan Kwaɗi: Abin da Na Koya a Hanyar Anka zuwa Gummi



A wannan fitowa ba zan yi maganar taki ko irin shuka ba. Maganar kwaɗo zan yi. Ba kwaɗon ƙofa ba, ba kuwa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ba. Kwaɗo dai mai tsalle, wanda yake hana mu barci in ruwa ya sauka. Na san wani zai yi dariya ya ce malamin gona ya rasa abin faɗi. To, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, domin maganar ta shafi ruwan da 'ya'yanmu suke wanka a ciki, da wanda dabbobinmu suke sha.

Aikina ya sa ina yawan tafiya a bisa babur tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi, ina ziyartar ƙungiyoyinmu na gama kai. Inda rana ta faɗi mini, nan nake kwana, galibi a gidan mai bishara ko na shugaban ƙungiya. Tun muna kwalejin horon malamai aka taɓa sa mu kamo talibambam a kwalba, muka yi ta dubansa har ya fitar da ƙafafu, wutsiyarsa ta shanye. Daga nan abin ya shiga raina. Duk garin da na sauka da damina, bayan an ci tuwo, sai in ɗauki tocila in je bakin kududdufin da yake kusa da gida in saurara. Da fari don nishaɗi nake yi. Daga baya na gane wani ɓangare ne na aikina.

Kududdufin da ya yi shiru

Akwai wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum da na saba sauka. Bayan gidan mai masaukina akwai kududdufi, inda aka haƙi ƙasar gini. Shekarar da na fara kwana can, cikin watan Yuli, kukan kwaɗi bai bar mu mun ji maganar juna ba. Har mai bishara ya yi mini ba'a, ya ce, "Malam, ka zo mana da irin na zamanin Fir'auna."

Bayan damina biyu na koma, wata ɗaya, an kuwa yi ruwa mai yawa da la'asar. Na fita da tocila. Shiru. Can nesa wajen fadama ana jin su, amma a wannan kududdufi ko ɗaya. Ina tsaye sai wani dattijo maƙwabci ya fito, ya ce, "Malam, mi kaka biɗa cikin ruwa da dare haka?"

Na ce, "Baba, kwaɗi nake nema."

Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ai kuwa bana ban jiya su ba. Sai da ka faɗi na tuna."

Da gari ya waye muka zaga tare. A gefe ɗaya muka tarar da robobin maganin ciyawa guda huɗu, an yar da su cikin laka. Ga talibambam matattu sun taru a baki-baki. Ba a jima ba sai ga samari biyu sun dawo daga gona, kowa da famfon feshi a baya, suka tsuguna suka ɗauraye su cikin ruwan, suka zubar da sauran a wurin. Taku kaɗan daga nan wata yarinya tana wanke kwanoni, awaki suna sha. Ba mugunta ce ta sa samarin suka yi haka ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu. Amma Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Me ya sa kwaɗo yake riga mu ji?

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar akuya. Da fatarsa yake sha, musamman fatar ciki. Da fatar kuma yake yin wani sashi na numfashinsa. Ba shi da gashi, ba shi da ɓawo irin na kifi ko na ƙadangare. Ƙwansa ma ba shi da ƙwanso kamar na kaza, cikin wani abu mai yauƙi yake, tsirara a ruwa. Saboda haka duk abin da aka zuba a ruwa, kai tsaye yake shiga jikinsa. Ga shi kuma rayuwarsa biyu ce: yana ƙarami yana cikin ruwa, ya girma ya hau tudu. In ruwa ya ɓaci ya taɓa shi, in ƙasa ta ɓaci ta taɓa shi. Ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne, haka ma ruwan guba.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ba ne. A shekarar 2023 masana na ƙasashe da yawa suka gama wani babban bincike a kan kwaɗi da danginsu, iri fiye da 8,000. Suka tarar kashi 41 cikin 100 suna cikin haɗarin ƙarewa. Ba wani jinsin dabba mai ƙashin baya da ya kai su shiga wannan hali. Manyan dalilan su ne ɓata musu wurin zama, da canjin yanayi, da wata cutar fata mai kashe su, da guba cikin ruwa.

Darasin agwagi

Mu mutanen Anka da Bukkuyum ba ma bukatar a je da nisa a kawo mana misali. Ina ɗan makaranta a shekarar 2010 sa'ad da yara suka yi ta mutuwa a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yaro ya yi amai, ya yi ta suma, ya tafi. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara lura da yawan mutuwar cikin watan Maris na shekarar. Da aka auna jinin yara da ƙasar gidaje, sai aka ga gubar dalma ce. Duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin, suna cike da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi abinci, ta bi hannun yara. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Aikin Bagega ma sai a 2013 aka yi shi.

Ga abin da nake so ku riƙe. Sa'ad da ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka zo bincike, mutane suka gaya musu cewa tun watanni kafin nan agwagi sun fara ƙarewa a garuruwan. An gani, amma ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Agwagwa tana kiwo a ƙasa da laka, ita ta fara haɗiyar gubar. Da an tambaya tun a lokacin, me ke kashe agwagi, watakila da an ceci rayuka da yawa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce kukan kwaɗi shaida ce cewa ruwa ya isa sha ba. Ruwa yana iya cika da kwaɗi, ya kuma cika da tsargiya. Dalma kuwa ba a gane ta sai da awo na asibiti da na'ura. Abin da na ce shi ne: in ƙananan halittu suka fara ɓacewa a inda muka saba ganinsu, lalle ne mu tsaya mu yi tambaya.

Irin waɗanda za ku gani

Mu duka kwaɗo muke ce musu, amma iri-iri ne. Ga waɗanda na fi gamuwa da su a wannan yanki.

Na fari shi ne kwaɗon gida, mai kaushin fata da ƙuraje, wanda yake zama gindin randa ko ƙarƙashin fitila yana jiran ƙwari. Ƙafafunsa gajeru ne, ba ya dogon tsalle. Bayan idanunsa akwai kumburi biyu masu fitar da wani farin ruwa mai ɗaci, shi ya sa kare in ya cafke shi sai ya yi ta dalala. Ƙwansa a jere yake kamar doguwar tsakiya, dubbai a lokaci guda.

Na biyu buɗuddugi, babban nan na tafki da fadamar shinkafa. Yana zama a bakin ruwa, in ya ji motsi ya faɗa, wani lokaci har ya yi ta tsalle bisa fuskar ruwa kafin ya nutse. A fadamun gulbin Zamfara wajen Gummi na fi ganin manyansu. 'Ya'yansa mafarauta ne, suna cin 'ya'yan sauro da wasu talibambam.

Na uku mai tsinin baki da dogayen ƙafafu, da layuka a gadon baya. Shi ne yake tashi gabanka cikin ciyawa in kana zaga gona da safe, tsalle ɗaya ya ɓace.

Na huɗu ɗan mitsitsi, bai fi kan babban yatsa ba, mai manne wa ganyen ciyawar bakin ruwa. Kukansa ya fi jikinsa. Abin mamaki, ƙananansu suna cin rani a manne jikin ciyawa cikin rana, sai fatarsu ta koma fara don ta mayar da zafi.

Na biyar ba a cika ganinsa ba, sai dai a ji shi. Kukansa kamar ɗigon ruwa cikin tulu, ɗaya bayan ɗaya, daga wurare dabam-dabam. In ka same shi za ka ga tafiya yake yi da sauri, ba tsalle ba.

Na shida wanda fartanya take tonowa: ƙarami, kumburarre, da ɗan baki mai tauri wanda yake haƙa ƙasa da shi. Gara da tururuwa ne abincinsa. In ka tono shi, ka mayar da shi gefe ka rufe da ƙasa mai laushi.

Na bakwai shimfiɗaɗɗe mai santsi, mai farata a yatsun ƙafar baya, wanda ba ya barin ruwa. Akan same shi a tsohuwar rijiya ko tafki. Shekarun baya, daga wajen 1930 zuwa 1960, asibitocin Turai sun yi amfani da ɗan'uwansa na Afirka ta Kudu don gane ko mace tana da ciki.

Yara sukan tambaye ni, ina kwaɗi suke zuwa da rani? Wasu sun ce daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Ba haka ba ne. Suna nan tare da mu, cikin ƙasa, da tsagar laka, da ramin gara, da ƙarƙashin duwatsu. Wasu ma sukan lulluɓe kansu da tsohuwar fatarsu kamar jaka don kada su bushe. Ruwan fari mai ƙarfi ne yake tashe su. Mazan ne suke kuka, suna kiran mata. Dole su yi sauri, domin kafin kududdufi ya ƙafe sai 'ya'yan sun fitar da ƙafafu, wasu cikin 'yan makonni kaɗan.

Wani ɗan sakandare a Gummi ya taɓa nuna mini hoto a littafinsa, wata dabba kamar ƙadangare mai wutsiya, amma fatarta da damshi irin ta kwaɗo. Ya ce ya neme ta a gulbi bai samu ba. Na ce masa ya huta. Dangin kwaɗo ce, amma a Turai da Asiya da Amurka take. A Afirka sai can arewa da hamada, watau Maroko da Aljeriya da Tunisiya. In ka ga mai ƙafa huɗu da wutsiya a ruwanmu, talibambam ne da ya kusa zama kwaɗo.

Ɗan ƙodagon da ba ya karɓar lada

Kwaɗo ba ya cin hatsi, ba ya cin ganye. Abin da yake motsi yake ci: fara, da gyare, da tsutsa, da gara, da buzuzu. Ku dubi daren da shinge ya tashi, ku ga yadda suke cika ciki. Da dare yake aiki, lokacin da manomi yake barci, tsutsa kuwa take ɓarna. Shi kuma abinci ne ga zalɓe da shamuwa da kifi.

Ƙasar Indiya ta koyi wannan da wahala. Shekaru da yawa ana kama kwaɗi daga gonakin shinkafa ana sayar da cinyoyinsu zuwa Turai da Amurka. Da kwaɗi suka ragu, aka ga ƙwari sun ƙaru, kuɗin magani ya hau. A 1987 gwamnatin Indiya ta hana fitar da su, Bangladash ta bi sahu a 1989.

Mu ma cinikin ya iso mu. Yawancinmu a nan ba ma cin kwaɗo, amma ana kama buɗuddugi a arewacin Nijeriya da Nijar da Binin, a busar ko a ƙyafe, a kai kasuwannin kudu. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna mutum 32 kawai masu wannan sana'a, kwaɗi fiye da miliyan 2 da rabi suke bi ta hannunsu a shekara. Ban ce sana'ar haram ce ba, talaka yana neman abin sa wa a baki. Amma in baƙi suka zo fadamarku za su kwashe a farkon damina, kafin a yi ƙwai, ku sani ma'aikatan gonarku ake kwashewa.

Kada kuma wani ya ce zai ɗauko kwaɗi daga wata ƙasa ya zuba a gonarsa. A 1935 aka kai wani babban kwaɗo ƙasar Ostareliya don ya cinye ƙwarin rake. Bai yi aikin ba, ya bazu, dafinsa yana kashe namun dajin ƙasar har yau. Namu na gida sun ishe mu, in mun bar su da rai.

Yadda za a duba ba tare da haɗari ba

Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Ni kaina ba na tafiyar dare, ba na kuwa tsayawa a daji tsakanin Anka da Ɗaki Takwas don wani kwaɗo. Kada kowa ya fita bayan gari da dare saboda wannan takarda. Kududdufin cikin gari ya isa, kunne ma ya isa, daga ƙofar gida.

In za ka matsa kusa, ka sanar da mai gida, ku je ku biyu. Ka sa takalmin roba mai tsawo, ka riƙe sanda da tocila, ka haska ƙasa kafin ka taka, domin inda kwaɗi suka taru macizai ma suna zuwa cin abinci. Kada ka shiga ruwan, saboda tsargiya. In ka haska za ka ga idanunsu suna ƙyalli. Ba lalle ne ka kama ba. In ka kama, hannunka ya zama da damshi, babu sabulu ko magani ko man shafawa, ka mayar da shi inda ka ɗauke shi, ka wanke hannu kafin ka taɓa ido ko abinci.

Kada kuma a yanke hukunci da dare ɗaya. Kwaɗi sukan yi shiru in an kwana biyu ba ruwa, ko dare ya yi sanyi, ko an ji motsin mutum. Lokacin da ya fi kyau shi ne daren da aka yi ruwa mai yawa, daga Yuni zuwa Agusta. Ka gwada wannan kududdufi da na kusa da shi, ka gwada bana da bara.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

1. A zaɓi mutum ɗaya ko biyu, ko da 'yan makaranta ne, a ba su littafin rubutu. Sau uku a damina su rubuta kwanan wata, da sunan ruwa, da ko kukan mai yawa ne, ko kaɗan, ko babu, da irin murya nawa suka ji.

2. Kada a wanke famfon feshi a kududdufi, ko rafi, ko bakin rijiya. A ɗebi ruwa a bokiti a kai gona, a ɗauraye sau uku, a fesa ruwan ɗaurayar a gonar da aka yi wa feshi.

3. Robar magani in ta ƙare a ɗauraye ta haka nan, a huda ta don kada a zuba mai ko ruwan sha a ciki, a tara su wuri ɗaya inda yara ba sa kaiwa.

4. A bar ciyawa taku goma ko fiye a kewayen ruwa, ba feshi, ba ƙonawa. Kada a yi feshi in hadari ya haɗu ko iska tana kaɗawa.

5. Kada a zuba magani a ruwa don kama kifi. Iyayenmu sun ga ɓarnar Gamalin, kada mu maimaita da wani sabon suna.

6. Kada a kawo dutsen zinariya cikin gida, kada a wanke shi a ruwan da mutane da dabbobi suke amfani da shi.

7. In aka ga kwaɗi, ko kifi, ko kaji, ko agwagi suna mutuwa da yawa ba dalili, a hana yara zuwa wurin, a gaya wa mai unguwa da malamin asibiti da malamin dabbobi a ranar. Kada a jira.

Ruwan gari ba na ƙungiya kaɗai ba ne. Mu da maƙwabtanmu Musulmi, da Fulanin da suke shayar da shanu, duk tafki ɗaya muke zuwa. Saboda haka a kai maganar gaban mai gari da liman da ardo, a yi shawara tare.

Haka aka yi a ƙauyen nan na ƙasar Bukkuyum. Dattijon da ya same ni da tocila shi ya ɗauki maganar ya kai wa mai gari. Aka kwashe robobin, aka sa samari su riƙa wanki a gona. Ban koma ba sai da damina ta zagayo. Ina sauke kaya daga babur sai ga shi ya zo, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, baƙinka sun dawo. Jiya ba su bar ni na yi kwana ba."

Da dare na tsaya a bakin ruwan na ƙirga murya uku. Ba su kai na da ba, amma sun fara.

Tun farko an sa mutum cikin gona don ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Noman mun iya. Kiyayewar ce take bukatar ido da kunne. In an yi ruwa a daren nan, ku ɗan tsaya a ƙofar gida ku saurara, sa'an nan ku rubuto mana abin da kuka ji a garinku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.